Nawa Aka Sayar da Tiyar Hatsi Shekarar da Aka Haife Ka?



In akwai katin ɗan ƙasa na mahaifinka ko na kakanka cikin gida, ɗauko shi ka duba wurin da ake rubuta ranar haihuwa. Tun da yanzu ka iya karatu, ba sai ka nemi wani ya duba maka ba. A katin dattawa da yawa babu rana, babu wata. Abin da za ka gani shi ne wata ƴar kalma ta Faransanci, "vers", sannan shekara. Ma'anar kalmar nan ita ce "wajen". Wato an haifi mutumin nan wajen 1940, ko wajen 1952. Ma'aikacin biro ne ya dubi fuskarsa, ya kintata, ya rubuta. Ranar da uwarsa ta yi naƙuda, ranar da aka yanka ragon suna, duk an yi su a gaban jama'a, amma sun bi waɗanda suka gani zuwa kabari.

Ga tambayar da nake so mu tattauna yau. Shin rayuwar talaka ta isa a rubuta ta? Noma da daka, jan ruwa da cin kasuwa, rashin lafiyar yaro da kuɗin goron biki, akwai wanda zai so ya san su bayan shekara ɗari? In kuwa akwai, wa ke da alhakin ajiye masa su?

Na sha jin amsa a ajin karatun manya. Da zarar na ce kowa ya rubuta abin da ya yi jiya, sai wani ya yi dariya ya ce: "Malam, ni me na yi? Gona na tafi, na dawo, na ci tuwo, na kwanta. Tarihi ai na sarakuna ne." Maganarsa tana da tushe. Haka muka tarar. Maroƙi yana jero sarakunan Damagaram ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa. Mun san Tanimun ne ya kewaye birnin da ganuwa. Amma ganuwa ba ta gina kanta. Wasu sun haƙa ƙasa, wasu sun kwaɓa, mata sun ɗauko ruwa a ka, wasu sun dafa abincin magina. Mutum nawa ne? Daga waɗanne garuruwa aka zo da su? Da son ransu suka zo ko tilas? Maroƙi bai faɗa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Maroƙi yana waƙar wanda ya ba shi doki ne.

Dubi kuma abin da ya faru a 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Vule da Shanuwan ta ratsa ƙasarmu tana ƙone garuruwa. Sun yi yaƙi da Sarauniya a Lugu cikin watan Afrilu. Cikin watan Mayu suka ƙone Birnin Ƙonni, suka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Ranar 14 ga Yuli aka harbe Kanar Kulob a Ɗankori, shi da Faransa ta aiko ya tsayar da su. Bayan ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe su biyun, kaburburansu kuwa suna Maijirgi. Ka ga yadda na kawo maka sunayen Nasara uku, har da rana da wata. Na iya haka ne domin su an rubuta nasu, takardun suna ajiye a Faransa. To ina sunayen mutanen Ƙonni? Kowane ɗaya daga cikinsu yana da suna, yana da gona, yana da wanda ya yi kukansa. A takarda an maishe su lissafi. Wanda ya yi kisa ya samu shafi, wanda aka kashe ya samu lamba. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na tuna shi, kuma shi ne ya sa nake ganin maganar nan ta adalci ce.

Wani zai ce: muna da tsofaffi, muna da kai, ba mu manta ba. Gaskiya ne, kan mutanenmu ya riƙe abubuwa da yawa. Ko yunwa ma sai da suka raɗa mata suna don kada ta ɓace. Ta 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba. Ta 1984 mutanen wajen Maraɗi suka sa mata El Buhari, domin a shekarar ne Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa a daidai lokacin da gonaki suka ƙone. Wani malamin tarihi na jami'ar Yamai, Burema Alfa Gado, ya bi irin waɗannan sunaye ya haɗa su da takardun Nasara, ya fitar da littafi a kan tarihin yunwa a Sahel a 1993. Ba don tsofaffin ƙauye ba, da aikinsa ya yi giɓi babba.

Amma kai yana riƙe suna ne ya saki lissafi. Tambayi dattijo yunwar 1973, zai ce maka an sha wuya. Ka ce masa: nawa aka sayar da tiya cikin bazara? Dami nawa ka samu a gonar da ka saba samun ɗari? Shanu nawa suka rage a garkenku? Wane wata mutane suka fara barin gari? Sai ya yi shiru, ko shi da abokinsa su kama gardama, wannan ya ce kaza, wancan ya ce a'a. Babu maƙaryaci cikinsu. Shekaru ne suka goge. Kuma waɗannan ƙananan abubuwa su ne masu amfani ga na baya. Jikanka da zai yi noma a gonar nan yana bukatar ya san sau nawa damana ta yanke cikin shekara hamsin, wane irin hatsi ne ya jure, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba.

Bari in ba ka labarin talakawa biyu da maganarsu ta tsira.

Na farko yaro ne, sunansa Dorugu, ɗan ƙasar Kance, yamma da Damagaram. An haife shi wajen 1840 (ka ga shi ma "wajen" ne). Yana ƙarami aka kama shi bauta, aka yi Barno da shi. A can wani Bajamushe matafiyi ya fanshe shi. Bayan rasuwar wannan Bajamushe sai ya bi abokinsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdul Karim, suka yi tafiya har Tambutu, daga baya suka isa Ingila a 1855. A can wani mai nazarin harshen Hausa, sunansa Schön, ya zaunar da shi ya ce ya faɗi labarinsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. An buga labarin a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Me yaron nan ya faɗa? Gidansu, da sana'ar ubansa, da yadda aka raba shi da danginsa, da yadda Turawa ke zama su ci abinci. Ba sarki ba ne, ba malami ba ne. Amma yau duk mai son ya ji yadda bauta take a bakin wanda aka ɗaure, kuma da Hausar wancan zamani, wurin Dorugu yake zuwa. Yara nawa aka kama tare da shi? Su ba su gamu da mai alƙalami ba.

Ta biyu tsohuwa ce, Baba mutuniyar Karo. A 1949 da 1950, a garin Giwa cikin ƙasar Zazzau, ta riƙa zama da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba ta labarin rayuwarta. Ta yi maganar aure da saki, zaman kishiyoyi, ƙawance, riƙon ƴaƴan dangi, bori, rinjin bayi, harin masu kamun mutane, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin da ya ba shi daraja shi ne abin da maza suka raina: zancen cikin gida. Ke mai karatu, ki lura da wannan. Tarihin da maroƙa suka bar mana kusan duk na maza ne, na doki da takobi. Sa'a nawa mace ke yi a bakin turmi, gaba nawa take jan guga, yadda ake zubin adashi, abin da ake ba mai jego, magungunan da kaka ke haɗa wa jariri, duk wannan in ba ke kika rubuta ba, ba na jin akwai namijin da zai tuna ya rubuta.

Sai dai ka lura da wani abu cikin labaran nan biyu. Dorugu da Baba, dukansu sai da baƙo ya zo ya riƙe musu alƙalami. Baƙo kuwa abin da ya dame shi yake tambaya, abin da ya fahimta yake rubutawa, sannan ya tafi da takardar ƙasarsu. Kai da ka yi damana biyu ko uku kana zuwa karatu da fitila bayan sallar lisha, ka fi su da abu guda: hannunka ya iya.

Kada ka ce rubutunka bai yi kyau ba, ko abin da za ka rubuta ƙarami ne. A tsohon birnin Alƙahira na Masar akwai wani ɗakin ibada na Yahudawa. Su ma kamar mu, ba su yar da takardar da ke da sunan Allah. Sai suka keɓe wani ɗaki suna zuba tsofaffin takardu ciki, shekara da shekaru. A 1896 da 1897 wani malami daga Ingila ya kwashe guntaye kusan 200 000 ya kai jami'ar Kambirij. Da aka duba sai aka tarar, ban da littattafan addini, akwai wasiƙun fatake, takardun aure da na saki, lissafin bashi, takardun magani, har da rubutun yara masu koyon baƙaƙe. Wasu sun kusa shekara dubu. Da irin waɗannan tarkace ne wani masani, Goitein, ya rubuta manyan littattafai biyar a kan yadda mutanen wancan zamani suka ci, suka sha, suka yi aure, suka yi ciniki. Matar da ta aika wa mijinta wasiƙa tana ƙorafin ya daɗe a fatauci ba ta san tarihi take rubutawa ba.

Ba ma sai mun je nesa ba. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka fara barin tsiron itatuwa cikin gonakinsu, suna sassabe suna zaɓen na bari, gawo da kalgo da sabara. Ba a yi shela ba. Sai bayan shekara ta 2000, da masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na sabon lokaci, suka ga ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa, wajen miliyan 200. Duniya ta yi mamaki. Aiki ne na talakawa, da gatari da lauje. A garinku wa ya fara? Wa ya yi masa dariya? Wace shekara mata suka daina tafiya mai nisa neman itacen wuta? Masu wannan aiki da yawa suna nan da ransu, ana iya tambayarsu yau bayan la'asar.

Yanzu mu zo ga wurin da maganar ke da nauyi, domin ba zan ɓoye maka ba, rubutu yana da kaifi.

Iyayenmu sun ji tsoron takarda, kuma suna da hujja. Takardar da suka sani ita ce ta ƙidaya da ta lanho. Wanda aka rubuta sunansa, shi ake bi kuɗi, shi ake ɗauka aikin tilas kafin a soke shi a 1946, ɗansa ake kamawa a kai lakkol ko soja. Saboda haka mutum kan ɓoye ɗa, ya ɓoye akuya, ya rage yawan dami. A wurinsu rashin shiga takarda kariya ce. Wanda ya ce maka kada ka rubuta abin da ke rumbunka, kada ka kira shi jahili. Ka ce masa dai akwai bambanci tsakanin takardar da wani ya rubuta a kanka da wadda ka rubuta da hannunka ka ajiye a ɗakinka.

Akwai kuma maganar rufin asiri. Rayuwarka ba taka ba ce kai kaɗai. In ka rubuta ta, matarka tana ciki, maƙwabcinka yana ciki, wanda ya ci bashinka yana ciki. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magana in ta fita baki tana iya shuɗewa, amma ta takarda tana jira. Wata rana jika zai buɗe ya karanta cewa gidan wane sun yi bara shekarar yunwa, ko asalin gidan wane bayi ne. Mu duka mun san cewa har yanzu irin wannan magana tana hana aure, tana raba zumunta, ko da yake dokar ƙasa ta 2003 ta sa hukunci mai tsanani a kan bauta. To yaya za a yi? A rubuta gaskiya a tona asirin mutane, ko a rufa asiri a bar wa na baya ƙarya?

Ga yadda nake gani, kai ma ka auna. Wahalar da ta same ka, taka ce, kana da ikon faɗinta. In ka sayar da garmarka don ka ciyar da iyali, in kun ci anza da ganye, rubuta, babu abin kunya ciki. Jikanka zai san da wace wuya aka kawo shi. Abin da ya samu wani kuwa, rubuta abin, ka bar sunan. Ka ce gida bakwai cikin garinmu suka tashi, ba sai ka ce gidan wane da wane ba. Mai tarihi bakwai ɗin yake nema. Amma inda aka yi zalunci a fili, aka ƙwace gona, aka doki mutum a gaban jama'a, a nan ni ba na ganin shiru rufin asiri ne. Shirun nan mai ƙarfi yake yi wa aiki. Ka rubuta abin da idonka ya gani, da rana da wuri, ba ƙari. Abin da ka ji a bakin wani kuma ka ce ji ka yi. Kuma kada ka maida kayenka wurin ramuwa. Wanda ka zaga a takarda, ranar da za a karanta ba ya nan balle ya kare kansa.

Wani abin gudu shi ne gyaran fuska. Kowa yana so jikokinsa su ce kakanmu gwarzo ne. Sai mutum ya rubuta shekarar da ya samu dami ɗari biyu, ya tsallake wadda ya samu goma sha biyar. Irin wannan littafi ya zama waƙar maroƙi, sai dai mutum kansa yake yi wa kirari.

To me za a rubuta? Ka sayi kaye guda da bik, ka keɓe shi, kada yara su yage shi. Kullum ka fara da rana da wata da shekara, domin labarin da ba shi da kwanan wata rabin amfaninsa ya tafi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ka rubuta. In shuka ta mutu aka sake, ka rubuta. Ranar da fara ko tsutsa ta bayyana, yawan damin da ka ɗaure, kuɗin tiyar hatsi da ta wake ranar kasuwa, cikin kaka da cikin bazara. Haihuwa da rasuwa, da ciwon da ya yi sanadi, ko ƙyanda ce ko sanƙarau ko zazzaɓi. Wanda ya tafi cin rani, inda ya nufa, da abin da ya dawo da shi. Layi biyu sun isa a rana. In ka rasa rana, ka yi na mako.

Kuɗin kaya kada ka raina su. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, Barth ma da ya biyo ta Tasawa a 1851 lissafin wuri ya tarar a kasuwa. Mu muka tashi da dala da jika. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya. A littafin gwamnati wannan layi guda ne. Abin da ya zama a tukunyar gidanku, nawa sabulu ya koma, nawa buhun taki, wane magani ne kuka daina saye, wannan sai a kayen mutum irinka. Haka gujiya. Akwai lokacin da ita ce dukiyar Maraɗi da Damagaram, har aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, kafin fari da cuta su karya nomanta cikin shekarun 1970. Yaran yanzu da yawa ba su san an yi ba. Je wurin wanda ya kai gujiyarsa sikeli, ka tambaye shi yadda ake awo, wa ke riƙe da sikelin, me ake yi da kuɗin. Ka rubuta da kalmominsa, kada ka gyara masa Hausa. Sunayen kayan aiki da na ciyayi da na irin hatsi da ya ambata, wasu ba za ka sake jin su ba a bakin kowa.

Wanda ya fi sabawa da ajami ya rubuta da ajami, duk ɗaya ne. Mai wayar hannu yana iya ɗaukar muryar tsohuwarsa, abu ne mai kyau, domin takarda ba ta riƙe murya. Amma waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita ranar matsi. Abin da ka ɗauka, ka zauna ka juya muhimmansa cikin kaye.

Abokan gabar takarda a ƙauye uku ne: gara, ɗigon ruwa, da gobara. Kada ka ajiye kaye a ƙasa ko jikin bango. Ka naɗe shi cikin tsumma mai tsabta ka sa a akwatin ƙarfe, ko cikin gafaka ka rataye kamar yadda malamai ke yi da littattafansu. Duk kaka, in an gama ɗaurin dami, ka fito da shi ka kaɗe ƙura ka duba. A shafin farko ka rubuta sunanka, da na ubanka, da na uwarka, da sunan garinku da kantonku. Ƙarƙashin wannan ka rubuta sunan ɗa ko ƴar da kake so ta riƙe shi bayanka, kuma ka faɗa mata tun yanzu inda kake ajiye shi.